Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya: Jawabi Ga 'Ya'yanmu Masu Sana'ar Manhajar Kwamfuta

(Wannan shi ne jawabin da kwamitin sasanta 'yan kasuwa na ƙungiyarmu ya gabatar a taron da aka yi a nan Sabo, Badun. Mun buga shi kamar yadda aka karanta, saboda 'yan'uwan da ba su sami halarta ba.)



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙungiya, iyayenmu 'yan kasuwa, iyayenmu mata, da kuma 'ya'yanmu samari da 'yan mata masu sana'ar zamani, muna yi wa kowa barka da zuwa. Muna gode wa Allah da ya tara mu lafiya. Muna kuma neman afuwa tun daga farko, domin maganar da za mu yi yau akwai inda za ta taɓa wasu daga cikinmu. Ba da nufin tozarta kowa ba ne, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kamar yadda kuka sani, aikin wannan kwamiti shi ne sulhunta 'yan'uwa idan ciniki ya haɗa su rigima, don kada magana ta kai ga 'yan sanda ko kotu. A da, ƙarar da ake kawo mana ba ta wuce ta kuɗin shanu, ko huhun goro da ya lalace a hanya, ko hayar shago. To, a 'yan shekarun nan wata sabuwar ƙara ta shigo, kuma sai ƙaruwa take yi. Ita ce ƙarar da ke tsakanin ɗan kasuwa da yaron da ya sayar masa da manhaja. Ga waɗanda kalmar ta yi wa baƙunta, manhaja ita ce tsarin umarnin da ake zuba wa kwamfuta ko waya domin ta yi wani aiki, kamar lissafin kayan shago, ko rubuta bashi, ko buga rasit, ko riƙe sunayen ɗalibai da kuɗin wata a makarantar Islamiyya.

Alhamdu lillahi, 'ya'yanmu sun shiga wannan sana'a. Wasu su ke rubuta manhajar da kansu, wasu kuwa sukan karɓo ta wani kamfani su girka wa mutane, wasu sun yi koyo a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko sun dawo sun buɗe shago. Wannan abin farin ciki ne. Amma abin da muka lura, idan muka zaunar da mai ƙara muka ce ya faɗi damuwarsa, da wuya ka ji ya ce manhajar ba ta da kyau. Abin da yake faɗa shi ne: "Na kira shi bai ɗauka ba. Ya ce gobe, goben ba ta zo ba." Ashe matsalar ba ta na'ura ba ce, ta hidimar bayan ciniki ce. A kanta za mu yi magana.

Kafin nan, bari mu waiwayi yadda iyayenmu suka kafa wannan unguwa. An kafa Sabon Badun a shekarar 1916, bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, fataucin shanu da goro ya bunƙasa tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa. Ta yaya mutum zai taso da shanu daga nesa, ya ba mahaucin da bai taɓa gani ba bashi, ya kuma kwanta ya yi barci? Amsar ita ce maigida. Maigida shi ke saukar baƙo, ya ba shi makwanci da abinci, dillalansa su nemo masu saye, ya san wane mahauci ke biya wane ke taurin bashi, ya tsaya lamuni. Idan mahauci ya gaza, sau da yawa maigida kan biya daga aljihunsa, don ya san ranar da baƙo ɗaya ya koma Arewa yana kuka da shi, sauran ba za su ƙara sauka gidansa ba. Har wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zo ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga shi a 1969. Abin da baƙo ke biyan la'ada dominsa ba ɗakin kwana ba ne. Yana biya ne don ya san idan abu ya ɓaci akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa a buɗe masa.

To 'ya'yanmu, ku sani duk wanda ya girka wa ɗan kasuwa manhaja ya zama maigidansa a wannan fage. Sayar da manhaja ba kamar sayar da buhun shinkafa ba ne, da za a auna, a biya, kowa ya kama gabansa. Ranar da aka biya ku, ranar nauyi ya hau kanku, domin mutumin nan ya ajiye littafinsa na takarda, ya zuba dukiyarsa da sirrinsa cikin abin da ku kaɗai kuka san cikinsa.

Ga misali ɗaya daga cikin abin da ya zo gabanmu, ba za mu ambaci suna ba. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya yarda aka mayar masa da littafin bashinsa cikin kwamfuta. Aka yi wata da watanni lafiya lau. Rannan aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta mutu. Ya kira yaron da ya girka masa, yaron ya ce yana zuwa. Da yaron ya duba ya ga ba a taɓa ajiye kwafin bayanan a wani wuri ba, sai tsoro ya kama shi, ya kashe wayarsa, ya bar gari. Dattijon nan ya koma bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu nawa yake binsu. Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya, wasu kuwa suka rage, wasu suka ce sun biya. Da muka samo yaron daga baya, sai ta bayyana da ya zo a ranar, da an cire ma'ajiyar kwamfutar an kai wa masu gyara, wataƙila a ceto bayanan. Amma kafin a same shi an riga an kai ta wani wuri an goge komai an sake zuba mata sabon tsari. Kuskurensa na farko ana iya yafewa. Kashe wayar ita ta kashe dattijon. Kuma tun daga ranar, a layin nan nasu ba wanda ya ƙara yarda ɗan unguwa ya taɓa masa lissafi. Kun ga wake ɗaya ya ɓata gari.

Saboda haka muka zauna da wasu daga cikin masu sana'ar waɗanda ba a taɓa kawo mana ƙararsu ba, muka tambaye su yadda suke yi. Abin da za mu lissafa yanzu daga nan muka tattaro shi.

Na farko, a san aikin mutum kafin a sayar masa. Yawancin manhajojin shago da ake karɓowa daga waje kilo da ƙidayar ɗaiɗai suka sani. Mu kuwa a kasuwarmu akwai buhu, akwai tiya, akwai mudu, akwai ƙwaryar goro, akwai kwandon tumatir, akwai turmin atamfa. Akwai gyara da ake ƙara wa mai saye, akwai bashin da ba a sa masa rana, akwai la'adar dillali. Idan ba ka zauna a shagon mutum yini guda ka ga yadda kuɗi ke shiga da fita ba, za ka ɗora masa abin da bai dace da shi ba, sannan kullum ya yi ta kiranka kana jin haushi. Rabin ƙorafin da za a kawo maka gobe, yau ake hana shi. In kuwa ka ga manhajarka ba za ta yi masa ba, ka faɗa masa gaskiya ka haƙura da cinikin.

Na biyu, a rubuta yarjejeniya. Mun saba da cewa "ai mun san juna", amma yawancin rigimar da ke zuwa gabanmu tsakanin waɗanda suka san juna ne. Takarda guda ta isa: me aka saya, wata nawa za a riƙa gyara kyauta, bayan nan nawa ne kuɗin wata, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ake amsa kira, da wa za a kira idan mai shagon ba ya nan. A rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida. Ku tuna kuma ƙasar nan tana da dokar kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma mai saye yana da damar kai kukansa can. Gara a gama magana a kan tabarma da a gama ta a ofis.

Na uku, kuma a nan za mu ɗan daɗe, a yi wa ƙorafi ƙofa ɗaya da littafi ɗaya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 ba wanda ke da uzurin cewa ba a same shi ba. Amma kada lambar sana'a ta zama lambar aljihun yaro ɗaya, wanda in ya tafi gida Sallah ko ya yi fushi ya bar aiki, shi ke nan an rufe. A sami lamba ta shago, wadda ko wa ke bakin aiki zai ɗauka. WhatsApp ma ya fitar da nau'i na 'yan kasuwa tun 2018, kuma yawancin iyayenmu sun fi sakewa da saƙon murya a kan rubutu, to a bar su su yi bayani da bakinsu, a nemi su ɗauki hoton abin da allon ya nuna su turo.

Duk ƙorafin da ya shigo a rubuta shi: wa ya kawo, yaushe, me ya faru, wa ya karɓa, me aka yi, yaushe aka gama. Ko littafin makaranta ne ya isa. Amfaninsa biyu ne. Ɗaya, Alhaji ba zai maimaita labarinsa ga mutum uku ba, abin da ya fi komai ƙona ran mai ƙara. Biyu, in wata ya ƙare ka buɗe littafin, za ka ga abin da ya fi dawowa. Idan mutum goma sun ɓace a wuri ɗaya, to ba su ne ba su da kai ba, wurin ne ke da gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya zo ya faɗa maka ya yi maka alheri, don wani ba zai faɗa ba, sai dai ka ji ya koma wajen wani.

Sannan a bambanta amsawa da gyarawa. Gyara yana iya ɗaukar kwana biyu, amma amsa ba ta buƙatar minti biyar: "Baba, na ji, ina kai, zan kira ka bayan La'asar in gaya maka inda aka kwana." In La'asar ta yi, ka kira, ko da ba ka gama ba. Alkawari kaya ne. Haka kuma a san wanda za a fara dubawa. Wanda cinikinsa ya tsaya cik, mutane na tsaye a gabansa, ba daidai yake da wanda sunan shagonsa ya fito a karkace a kan rasit ba, ko da na biyun ya fi kuɗi ko ya fi faɗa. Masu sa na'ura ta riƙa amsa saƙo da kanta, ba laifi, tana rage aiki, amma a bar hanyar da mutum zai kai ga ɗan'adam. Wanda kuɗinsa ya maƙale ba ya son hira da inji.

Na huɗu, a faɗi gaskiya idan abu ya ɓaci. Ba manhajar da ba ta tuntuɓe. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa sabon gyara mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka tsaya a duniya, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga wahala. In manya sun yi wannan, wane ne kai da za ka ce naka ba ya kuskure? Darasin da ke ciki shi ne kada ka tura sabon gyara ga kowa da kowa a lokaci guda. Ka fara gwadawa a wurinka, sannan a shago ɗaya ko biyu da suka yarda, kuma kada ka taɓa manhajar ɗan kasuwa a jajiberin Sallah ko ranar da motarsa ke sauke kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani lokaci kuma laifin ba naka ba ne. Kowa ya tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda takardar naira ta yi wuya, jama'a suka koma tiransifa da POS, kuɗi ya fita daga asusu bai isa ba. Haka a ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka sami matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya raunana, har wasu bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. A irin wannan rana, mai hankali shi ke riga abokan cinikinsa magana. Saƙo ɗaya ya isa: matsalar daga banki ce ko daga layi, ga abin da za ku yi kafin ta dawo, ku rubuta cinikin yau a takarda, za mu taimaka a shigar daga baya. Amma kada "sabis ne" ta zama bargon rufe kowane laifi. In naka ne ka ce naka ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ɗan kasuwa yana da maƙwabci da zai tambaya ko nasa na aiki.

Na biyar, amana. Wanda ke gyara wa mutum manhaja yana ganin ribarsa, da masu binsa, da waɗanda yake bi. Wannan ba abin hira ba ne a majalisa ko wurin mai shayi. Kada ka nemi lambar sirrin bankin kowa, in ma ya miƙo maka ka ce ya danna da hannunsa. Kada ka shiga kwamfutarsa daga nesa sai da saninsa. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, amma mu tun kafin doka mun san hukuncin cin amana. Cikin amanar har da ajiye kwafin bayanai a wuri na biyu, nesa da shagon, da gwada kwafin lokaci lokaci don a tabbata yana buɗuwa. Mu mazauna nan mun san dalili. Mun ga yadda shaguna suka ƙone a rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, Allah kada ya maimaita mana. Kaya in sun ƙone ana iya sake sarowa, amma littafin bashi in ya tafi, ya tafi da jarin mutum. Kuma ranar da abokin ciniki ya ce zai bar ka, ka miƙa masa bayanansa cikakku cikin mutunci. Riƙe su don a tilasta masa zama garkuwa ce, ba ciniki ba.

Na shida, koyarwa da ladabi. Kada ka koya wa maigida kaɗai, ka koya wa yaron shagon da zai riƙa dannawa kullum, ka bar musu ɗan taƙaitaccen bayani a manne a bango da Hausa. Dattijon da ya tambaye ka abu ɗaya sau uku, ka tuna yana riƙe da lissafin miliyoyi a ka tun ba a haife ka ba. Kada ka yi masa tsaki, kada ka cika shi da Turanci a gaban yaransa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Iyayenmu mata da ke sana'a a cikin gida su ma abokan ciniki ne, kuma hanya mafi sauƙi ta kai musu hidima ita ce a koya wa 'yan matanmu aikin su riƙa shiga. Haka maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da ke sayen aikinku: ku gaishe su da harshensu, ku cika musu alkawari fiye da yadda suke zato, domin ba sunanku kaɗai kuke ɗauke da shi ba, har da na unguwa.

Yanzu kuma, iyayenmu 'yan kasuwa, ku yi mana haƙuri, ku ma akwai naku. Ba zai yiwu mutum ya biya sau ɗaya, bayan an sha ciniki an rage rabi, sannan ya so a yi masa hidima har abada kyauta ba. Yaron nan yana biyan haya, yana sayen data, yana sayen mai na janareta, yana biyan wanda zai ɗauki wayarku. Kuɗin wata da yake nema shi ne la'adarsa, kuma ba mu taɓa jin baƙon da ya hana maigida la'ada ya sake samun kyakkyawar sauka ba. Ku guji manhajar sata da ake zubawa a ɓagas, don ranar da ta lalace ba wanda za ku riƙe. Araha ba ta ado. In an ce kwamfutarku ta tsufa, ku saurara: kamfanin Microsoft da kansa ya daina tallafin da ya saba ba Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. In abu ya lalace kada ku bari kowa ya taɓa kafin mai shi ya zo, kuma in ba gobara ba, kira na tsakar dare a bar shi zuwa safiya.

Daga ƙarshe, muna miƙa wa shugabanni roƙo uku. A buɗe rajistar masu wannan sana'a a ofishin ƙungiya, da sunan dattijon da ya tsaya wa kowannensu, kamar yadda ake tsaya wa baƙo a da. A shirya takardar yarjejeniya guda da Hausa wadda kowa zai iya ɗauka ya cike. Sannan masu sana'ar su haɗa kai, ta yadda in ɗaya ya yi tafiya ko rashin lafiya, ɗan'uwansa zai riƙe masa abokan ciniki ba tare da ya ƙwace su ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Ya'yanmu, kun fi mu sanin na'ura, wannan ba gardama. Abin da muke da shi da za mu ba ku shi ne abin da ya riƙe unguwar nan fiye da shekara 100: wanda ya sauka a hannunka, kada ya kwana yana neman ka.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a yafe mana.